Kyanwar Kaka da Kifin Gwangwani

Abin da na fara gani da muka isa rugar su Kaka shi ne agogonsa. Ya ɗaga hannu ya kare rana don ya ga ko su wa ke tafe, sai agogon ya zame daga wuyan hannunsa ya gangara har gwiwar hannu. Tun da na san agogon nan bai taɓa aiki ba, amma da can yakan kama shi tsam har ya bar masa sawu a fata. Da na ga ya zame haka na san abin da Goggo ta zo ta faɗa a Tambuwal babu ƙari a ciki.

Maryam da Sumayya, tun da aka koma makaranta kuke damuna in ba ku labarin Kebbe. Kun san ni, in idanu suka yi mini yawa sai maganar ta maƙale. Ranar nan da na fara, ina cewa "wata kyanwa" kuka fashe da dariya, ban iya ci gaba ba. To ga shi na rubuta. Ku karanta a gida, kada ku karanta a gabana.

Kaka mahaifin Babana ne, Bafulatani mai shanu, yana zaune a wata ruga gaba da Kebbe. Babana kuwa tun yana yaro aka sa shi boko, shi ya sa muke Tambuwal. Farkon damina Kaka ya yanke jiki ya faɗi a garke. Aka kai shi asibiti, likita ya ce jininsa ya hau, ya hana shi man shanu da kitse da gishiri mai yawa, ya ce ya riƙa cin abu mara nauyi, kifi da ganye da irinsu. Kaka ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma gida ya ce tunda an hana shi abincinsa, su ma su riƙe nasu. Daga nan ba ya cin komai sai ɗan nono da safe.

Goggo Hajo, ƙanwar Baba wadda ke kula da shi, ita ta zo ta kawo ƙara. Baba ya ce, "In hutun yaran nan ya ƙare bai fara cin abinci ba, zan zo da mota in ɗauko shi. Ga ɗakin baya nan, ga asibiti kusa."

Goggo ta ce, "Yaya, in ka raba shi da shanun ga, ba shi ganin ƙarshen damina."

Baba ya ce, "In na bar shi haka ma ba shi gani."

Mama ce ta kawo shawarar kifin gwangwani, wanda ake kira sadin, tunda ba ya lalacewa ko babu firij. Akwai yadda take yi mana shi da gasasshen tattasai in ba ma son abinci mai nauyi. Ta koya mini har sai da na iya, ta ce ni zan je, wai ni kaɗai ce a jikokinsa ba na cika masa kunne. Goggo ta riƙe haɓa.

"Kifi? Tsoho? Ke kin san mu ba mu cin kifi."

Mama ta ce, "Ai yayanki yana ci."

"Shi ai boko ta gama da shi."

Haka muka tafi tasha da kwalin gwangwanaye, da ledar tattasai da albasa, da ɗan kaskon Mama. A mota Goggo ta ce kwalin nan ba zai taɓa jikinta ba. Na ɗora shi a cinyata, ita kuma ta naɗe hancinta da gyale, alhali gwangwanayen a rufe suke, abin da ke wari a motar nan akuyar da aka ɗaure a baya ce. Kusa da ni akwai wani mutum rungume da fankar sama. Fiffikenta ɗaya ya wuce ta saman kaina ya kai har wajen direba, duk ramin da muka faɗa sai ya ture masa hula. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko an kawo wuta garinsu.

Ya ce, "Ba a kawo ba, Inna. Amma an kafa sanduna tun ina saurayi. Ran da duk ta zo, ba ta iske ni babu shiri ba."

A taswirar ajinmu akwai jan layi tsakanin Tambuwal da Kebbe, don haka na yi ta leƙe ta taga in ga inda yake. Abin da na gani igiya ce da aka ɗaura wa tsummoki aka gitta a hanya, da wasu mutane masu sanduna a gindin itace. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo, idonsa ya sauka a kan kwalina.

"Yarinya, mi na cikin kwalin ga?"

Na cusa kaina cikin hijabi. Goggo ta amsa ta cikin gyale, "Kifi na, ba nawa ba."

Ya zaro gwangwani ɗaya ya kai kunne ya girgiza. "Da rai suke?"

Direba ya ce a'a. Mutumin ya juya gwangwanin ya duba hoton, ya ce shi ya taɓa ganin an buɗe irinsa, babu ko ɗaya mai kai, ina kawunan suke tafiya? Mai fanka ya ce ai Turawa ke cinye kai su aiko mana da saura. Tsohuwa ta ce Allah ya isa. Aka yi ta muhawara, ni kuwa kaina yana cikin hijabi, har mai sanda ya gaji ya mayar da gwangwanin ya saki igiya.

Daga nan kwalta ta ƙare. An yi ruwa, hanya ta zama taɓo. A wani hawa motar ta mutu ta fara komawa da baya. Direba ya yi tsalle ya fita yana ihun a kawo dutse. Babu dutse ko ɗaya a wurin. Kafin in ankara ya miƙo hannu ta taga ya fizge kwalin daga cinyata ya cusa shi ƙarƙashin taya. Motar ta tsaya cak. Ya ce wallahi kifin nan ya ceci rayuka. Maza suka tura, mai fanka yana turawa da kafaɗa ɗaya don ya ƙi ajiye kayarsa a taɓo. Da aka dawo mini da kwalin, gwangwanayen gefe ɗaya duk sun lotse, wasu zoben buɗewarsu ya karye. Na je bayan mota in duba tattasaina, na iske akuya ta kai bakinta cikin ledar ta ci fiye da rabi. Leɓenta ya yi ja, ko atishawa ba ta yi ba.

Goggo ta ce, "Kin gani? Ta ci tattasai ta bar kifi. Dabba mai hankali."

A Kebbe muka sauka gidan Anti Balki, 'yar'uwar Mama, ma'aikaciyar jinya, wadda ke zuwa duba Kaka. A gidanmu in baƙo ya zo ruwa ake fara ba shi. A gidan Anti Balki hannunka take fara kamawa ta naɗa masa abin awon jini. Ta auna ni, ta auna Goggo, ta auna mai kabu-kabun da ya kawo mu daga tasha, ta ce masa ya rage fushi. Ya ce shi bai yi fushi ba sai yanzu. Tuwon dawa da miyar kuka ta ba mu, miyar babu gishiri ko kaɗan, wai ba za ta hana mutane abin da take ci ba. Na ga Goggo ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta ta barbaɗa a gefenta, ta haɗa ido da ni, ta barbaɗa a nawa.

Da safe muka je kasuwa neman tattasai. A Tambuwal ka saya ka wuce. A Kebbe mai tattasai sai da ya ji 'yar wace ce ni, da jikar wane ne, da abin da za a dafa. Da ya ji Kaka za a ba kifi, ya kira maƙwabcinsa mai albasa ya ce ya zo ya ji. Tattasan nasu ƙanana ne, duk sun yamutse. Haka muka saya, muka hau kabu-kabu, kwali a kan tanki, muka ratsa gonakin gero da suka fi mu tsawo har muka ɓullo rugar.

Bayan na ga agogon sai na ga sauran Kaka. Wuyansa ya yi tsawo, rigarsa ta yi masa yawa, amma muryarsa tana nan.

"A'a, 'yar birni! Mi kika ɗauko muna?"

Goggo ta faɗa masa. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce a kai shi nesa da ƙore.

Ƙore su ne sarauta a ruga. Kowace mace tana da nata a jere a kan wani ɗan gado, masu zane, an goge su suna sheƙi. Goggo ta ce in warin kifi ya taɓa su nono ba zai yi barci ba. Ta hana ni murhunta da wuƙarta da ludayinta. Aka ba ni wuri a bayan bukkar Kaka, gindin wata aduwa, inda ba kowa ke bi ba. Na jera duwatsu uku na yi murhu.

Akwai abubuwan da na lura da su a kwanakin farko. Kaka ba ya kiran sunan Baba, don ɗan fari ne, sai dai ya ce "ma'aikacin nan". A gidanmu Baba yakan shigo yana cewa yunwa za ta kashe shi, a can kuwa babu babban da ke cewa yana jin yunwa. In aka miƙa wa mutum fura sai ya ce ya ƙoshi, a ajiye a gefe, kowa ya kama wani aiki, daga baya a iske ƙwaryar ta ragu. Na kuma ga ledar maganin Kaka rataye a rufin bukka, gizo-gizo ya yi saƙa a kan ƙullinta.

Ranar farko na yi girkin yadda Mama ta koya mini. Na bar wuta ta zama garwashi, na jera tattasai a kai ina juyawa da tsinke har bayansa ya yi baƙi ya kumbura. Na kwashe cikin kwano na rufe don ya yi zufa. Da ya huce, baƙar fatar ta saluɓe da kanta, jan naman ya fito da laushi. Na cire 'ya'yan, na yayyaga shi da hannu. Gwangwanin lotsattse ne, sai da na sa ƙusa da dutse kafin ya buɗe. Na tsiyaye man, na bar kaɗan na soya albasa da ɗan tarugu, na zuba tattasan, sannan na kwantar da kifin a kai a hankali don kada ya farfashe. Na matsa lemon tsami na sauke. Babu gishiri, babu magi.

Ina ɗagowa na ga duk rugar a tsaye a kaina, mata da yara, kowa da hannu a hanci. Suka rako ni har gaban Kaka kamar ana kai amarya. Na durƙusa na ajiye kwano. Goggo ta ce, "Tsoho, daure ka ci." Wata ta ce, "Ko loma guda." Wata ta ce, "Rufe ido ka haɗe." Kaka ya juya ya fuskanci zana.

A wurin akwai aminansa biyu, Malam Jae, Bafulatani irinsa, da Ɗanjumma wanzami, Bahaushe daga ƙauyen kusa, wanda ke yi masa aski tun suna samari. Ɗanjumma ya leƙa kwanon ya ce shi a ganinsa wannan ba kifi ba ne. Ba kai, ba wutsiya, ba ƙayar da ke soka, bai taɓa iyo a rafinsu ba. Wanda kakannin Fulani suka ƙi, na rafi ne.

Malam Jae ya ce, "Ga hotonai nan ga gwangwani, da ido da komi."

Ɗanjumma ya ce, "Buhun taki akwai hoton masara. Ka taɓa kwancewa ka iske masara?"

Ɗanjumma ya ce magana irin wannan ba a yanke ta da ka, sai an bincika. Ya wanke hannu ya ja kwano gabansa. Ya bincika har ƙasa, ya suɗe yatsu, ya ce gaskiya bai gama ganewa ba, a sake yi gobe.

Haka aka yi ta yi. Kullum in dafa, kullum a rako ni, kullum Kaka ya fuskanci zana, Ɗanjumma ya yi bincike. Kumatun Ɗanjumma suka fara sheƙi. Waya ba ta kamawa a rugar sai a kan wani suri, don haka in Anti Balki ta kira, Goggo ke hawa surin ta riƙa ƙwala mana saƙo. "Ta ce a tsaya a kansa har sai ya ci! Ta ce a ƙirga lomar!" Kaka yana ji, shanu suna ji. Gwangwanaye suna raguwa, hutu yana raguwa.

Ni kuwa akwai abin da nake gani. Duk sa'ar da na ɗora tattasai a garwashi, Kaka yakan ce rana ta dame shi, ya ja buzunsa ya koma gefen da iska ke kai hayaƙin. In an ajiye kwano ya juya baya, ina ganin maƙogwaronsa ta gefe yana hawa yana sauka. Sai na tuna kaina. Kun sha tambayata me ya sa ba na cin komai lokacin tara, kuna cewa ko azumi nake. Ba azumi nake ba. A bayan ajinmu nake ci, wajen tankin ruwa, bayan kowa ya watse. In ana kallona, ko ƙosai ne sai ya zama kamar tsumma a bakina. To ni ke nan da ba kowa ba. Ina ga dattijon da ya shekara saba'in ba a ga yana tauna ba, a ce ya ci abin da ubansa bai ci ba, gaban surukai da jikoki da Malam Jae, ana ƙirga masa loma daga kan suri?

Ranar kasuwar Kebbe mata suka tafi tallar nono, Ɗanjumma ya tafi aski, rugar ta yi tsit. Na yi girkina, na dafa ɗan dankali na haɗa. Ban kai gaban Kaka ba. Na rufe kwanon na ajiye a kan dutse a gindin aduwa, na dubi aduwar na ce da ƙarfi, "Kash, bari in je rafi in wanke kaskon nan." Na tafi rafi na wanke kasko, na sake wanke shi, na zauna ina kallon kwaɗi.

Da na dawo kwanon yana inda na bar shi, murfinsa a rufe. Na buɗe. An share shi tas, har gefe-gefe. Kaka yana kan buzunsa yana jan carbi, idonsa a sama.

Ya ce, "'Yar birni, kin yi sakaci. Kyanwa ta zo ta cinye miki abinci."

Na ce, "Kyanwa, Kaka?"

"Awo. Na kore ta, ba ta ji ba."

Babu kyanwa a rugar nan. Ko da akwai, ban san wadda ke mayar da murfi ba. A gemun Kaka kuma akwai ɗan jan abu ƙarami. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya kyauta.

Washegari na ce wa Goggo na daina kai wa Kaka, tunda ba ya ci, zan riƙa dafa nawa ni kaɗai. Taro ya watse. Kullum in na sauke sai in tuna wani abu a rafi, kullum kyanwa ta zo. Sai Kaka ya fara kawo mini labarinta.

"Jiya na ji kyanwar ga tana tari. Ina ga tarugun ya yi mata yawa."

Na rage tarugu.

"Na lura tsohuwa ce, haƙoranta sun yi saura kaɗan. Da albasar ta ƙara laushi."

Na ƙara wa albasa lokaci. Na fara haɗawa da dafaffen zogale, kyanwa ba ta bar ko ganye ba. Labari ya bazu. Ɗanjumma ya ji haushi da farko, don bincikensa ya tsaya, amma bayan ya zo ya yi wa Kaka aski ya dubi fuskarsa da kyau, sai ya fita yana cewa shi ma ya ga kyanwar, baƙa ce mai kunne ɗaya. Malam Jae ya ce a'a, fara ce, da gemu. Wata mata ta ce ta gan ta tana alwala. Goggo ta rufe ƙorenta da faifai ta ɗora duwatsu, ta yi ta faɗa a kan kyanwar da za ta zo ta sha mata nono, amma na lura duk sa'ar da na nufi rafi sai ta kwashe yara ta ce su zo su taya ta tsince gero a can ɗaya gefen. Babu wanda ya ƙara bi ta bayan bukkar Kaka a wannan lokacin. Kowa ya sani, kuma babu wanda ya sani.

Ana saura kaɗan a koma makaranta Baba ya zo da motar haya, da Anti Balki a gaba. Ya durƙusa nesa ya gai da Kaka, Kaka ya amsa yana kallon wata farar saniya. Anti Balki ta naɗa masa abin awo, ta ce an samu sauƙi, amma da yana shan magani da ya fi haka. Baba ya tambayi Goggo, "Yana cin abincin?"

Goggo ta dubi ƙasa. Kaka ya ce wa saniyar, "A faɗa ma ma'aikacin nan, ni ban taɓa cin kifi ba, ba ni kuma ci."

Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, a ɗauko kayansa."

Na zaci wani zai yi magana. Babu wanda ya yi, don duk wanda ya faɗa ya tona dattijo gaban ɗansa na fari. Goggo ta shiga bukka ta fito da buzu da buta da 'yar jakarsa, tana share ido da gefen gyale. Kaka ya tashi ya dogara sanda ya shiga garke. Yana bin shanun yana shafa kunnuwansu yana kiran sunayensu. Na gane ya gwammace ya shiga motar nan ya tafi ɗakin bayanmu, inda taga ke kallon katangar maƙwabta, da dai ya ce ya ci.

Ban san lokacin da na kama hannun rigar Baba ba. Na ja shi bayan bukka, jama'a suka biyo mu. Na nuna masa gwangwanayen da na wanke na jera a gindin aduwa. Duk idanun rugar suna kaina.

Baba ya ce, "Wa ya cinye wannan duka?"

Na ce, "Kyanwa."

Ya kira sunana, "Hindatu."

"Kyanwa ce, Baba. Kullum tana zuwa. Tana cin dankali, tana cin zogale. Jiya ta nemi ƙari."

Anti Balki ta ce, "Kyanwa ta nemi ƙari?"

Ɗanjumma ya ce, "Awo, Malama, baƙa ce mai kunne ɗaya."

Malam Jae ya ce, "Fara."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka gefen dutsen. Ƙasar wurin da laima, ta lotsa inda ake zama. Ga sawun takalmin roba babba, ga ɗan ramin da ƙasan sanda ke yi. A rugar nan aka haifi Baba. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya waiga garke, daidai Kaka ya ɗaga hannu yana korar ƙuda daga idon saniya. Agogon ya zame kaɗan ya tsaya a hanya, bai kai gwiwar hannu ba.

Baba ya cire tabarau ya juya mana baya yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, ya ɗaga murya yadda za a ji har garke.

"Hajo, kyanwar nan ta riga ta saba da tsoho. In aka ɗauke shi wa za ta riƙa zuwa wurinsa? Mai da kayan ciki. Zan riƙa aiko mata da kwali."

Anti Balki ta ce ita ba ta gane komai ba. Goggo ta ce ta zo ta sha fura. Daga garke muka ji Kaka yana ce wa saniya, "A faɗa ma ma'aikacin nan, in za shi aiko, ya haɗo da tattasan Tambuwal. Na Kebbe ƙanana na."

Kafin mu tafi Goggo ta ce in nuna mata yadda ake yi, don kada kyanwa ta ji yunwa ta faɗa wa nononta. Ta ɗaure hanci da gyale, ta sa leda a hannu biyu, ta ɗauki kifin da tsinke tana kau da kai. Tattasan kuwa ta fi ni iya gasa shi, ko ɗaya bai ƙone ba.

Da direba ya tayar da mota na shiga bukka in yi wa Kaka sallama. Ya ba ni 'yar gorar man shanu ya ce in kai wa Mama, tunda shi an hana shi. Ya ce in gai da birni. Na miƙe har na kai bakin ƙofa, sai na dawo. Na hau turmi na sauko da ledar magani daga rufi, na share saƙar gizo-gizon, na kwance ƙullin, na ajiye ta kusa da butarsa. Na durƙusa, ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Na ce, "Kaka, in kyanwar ta zo gobe, don Allah ka roƙa mini ita. Farar ƙwaya ɗaya da safe, ja ɗaya da yamma, bayan ta ci abinci."